Jiniya a Zauren Kiɗa: Bitar “Ionisation” na Edgard Varèse

A Amurka da ƙasashen Turai akwai mutanen da jiniya ce abin sha'awarsu. Ba ƙaramar jiniyar motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana ake nufi ba. Tasu ita ce babbar jiniyar gargaɗi, wadda ake kafawa bisa dogon turke ko kan rufin gini domin ta sanar da gari cewa guguwa na tafe, ko ruwa ya ɓalle, ko jiragen yaƙi sun doso. A Holan an daɗe ana gwada jiniyoyin ƙasar ranar Litinin ta farkon kowane wata da ƙarfe 12 na rana, a Faransa kuma ranar Laraba ta farko, kuma a irin waɗannan ranaku akan iske su tsaye a gindin turke da na'urar ɗaukar sauti tun kafin lokaci ya yi. Wasunsu kan sayi tsofaffin jiniyoyin da hukuma ta sauke, su kankare tsatsa, su gyara injin, su mayar da fentin asali. Wasu kuma, musamman matasa, kan ƙera tasu da katako ko roba. Da sun jiyo kukan jiniya daga nesa za su faɗa maka kamfanin da ya ƙera ta da samfurinta.

Akwai wani aikin kiɗa da ya kamata duk mai wannan sha'awa ya sani, domin mai aikin ya riga su jin abin da suke ji. Sunansa “Ionisation”, Edgard Varèse ne ya tsara shi tsakanin 1929 da 1931, kuma tsawonsa kimanin minti shida ne kacal. Yadda aka karɓe shi a zamaninsa darasi ne a kan abin da ke damun kowace jama'ar masu ƙirƙira, wato yadda za a faɗa wa mutum gaskiya game da aikinsa ba tare da an karya masa gwiwa ba.

An haifi Varèse a Faris a 1883, ya ƙaura zuwa Niyok a ƙarshen 1915, a can kuma ya rasu a 1965. Mahaifinsa injiniya ne, ya so ɗan ya gaje shi, ɗan ya zaɓi kiɗa, amma kan injiniya bai taɓa barinsa ba. Tun yana saurayi ya karanta littafin da masanin kimiyyar nan na Jamus, Hermann von Helmholtz, ya fitar a 1863 a kan sauti, inda aka bayyana gwaje-gwajen da aka yi da jiniya. Ashe jiniya ba don gargaɗi aka fara ƙera ta ba. Wadda Charles Cagniard de la Tour ya ƙera a Faransa a 1819 kayan awo ce ta ɗakin bincike, da ita ake ƙirga yawan kaɗawar sauti. Varèse ya samo ƙananan jiniyoyi a kasuwar gwanjo ta Faris, ya yi ta murza su yana saurare, kuma abin da ya ji a lokacin ya bi shi har tsufansa.

Me ya ji? Sai an san cikin jiniya za a gane. Faifai ne mai tagogi yake juyawa a cikin wani gida da shi ma yake da tagogi daidai adadin nasa. Faifan na zuƙo iska yana wurga ta waje, kuma duk sa'ad da taga ta yi daidai da taga sai iskar ta fita, idan suka saɓa sai ta tsaya. Wannan yankan iska shi ne muryar. Faifai mai taga 10 da ke juyawa sau 3,450 a minti yana yanka iska sau 575 a daƙiƙa guda, mai taga 12 kuma sau 690. Idan aka haɗa biyun a jiki ɗaya, kamar yadda kamfanin Federal Signal ya yi a samfurinsa na 2T22, sai a sami muryoyi biyu masu tafiya tare, waɗanda ke sa tsikar jiki tashi. Muhimmin abu shi ne muryar tana bin saurin juyi. Faifai ya ƙara gudu ta hau, ya rage ta sauko, babu tsalle a tsakani. Fiyano kuwa, da kayan kiɗan Turai na gargajiya da dama, hawa-hawa suke tafiya, daga wannan mataki zuwa wancan, abin da ke tsakanin matakan an bar shi. Wannan tsakanin Varèse yake nema. Mu nan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu: makaɗin kalangu ya matse tsarkiya da hammata murya ta miƙe sama, ya sassauta ta zamo ƙasa, ba tare da ta yanke ba. Abin da hammatar makaɗi ke yi wa kalangu, shi hannun mai murzawa ke yi wa jiniya.

An rubuta “Ionisation” ne domin makaɗa 13 masu riƙe da kayan bugawa kusan 40. Babu goge, babu sarewa, babu mawaƙi. Akwai manyan ganguna da ƙanana, da gangar soja, da faya-fayan tagulla manya da ƙanana, da uwar maƙera, da ƙararrawa, da bulala ta katako biyu da ake haɗawa su yi ƙara. Akwai kayan kiɗan Kyuba: tagwayen gangunan bongo, da ƙwarya mai tsage-tsage da ake karta da tsinke, da caki, da sanduna biyu da ake gwarawa. Akwai wata ganga da aka huda fatarta aka zura igiya, idan an ja igiyar sai ta yi gurnani irin na zaki. Sannan jiniyoyi biyu na hannu, ɗaya mai siririyar murya, ɗaya mai kauri.

Kiɗan yana buɗewa a hankali. Manyan ganguna na gunaguni can ƙasa, tagulla na amsawa, sai jiniya ta taso daga ƙarƙashinsu, ta ɗan hau, ta koma. Kafin kunne ya gama sabawa da wannan, gangar soja ta shigo da wani salon bugu mai kaifi, bongo na mara mata baya. Wannan salon shi ne ginshiƙin aikin duka. Zai ɓace ya dawo, wani lokaci a gutsure, wani lokaci a hannun wani makaɗin daban. Daga nan rukunoni ke ta karɓa-karɓa: fata ta yi magana, katako ya amsa, ƙarfe ya katse su. A tsakiya akwai inda makaɗa da dama ke faɗawa kan bugu ɗaya a lokaci ɗaya, da ƙarfi, bayan an daɗe kowa na bin tasa hanya, kuma wurin yana girgiza mai saurare ko sau nawa ya ji shi. Sai ƙarafa su karɓe fili, uwar maƙera da tagulla, jiniyoyi na ratsa su. Can dab da ƙarshe ne kawai fiyano ke shigowa, shi ma ba da waƙa ba, ana danna maɓallansa na ƙasa da yawa a tare da damtse, ƙararrawa na bugawa a sama, har komai ya lafa.

Yabon gwani ya zama dole, kuma abu na farko da ya cancanci yabo a nan shi ne kamun kai. Wanda aka ba jiniya biyu da ganguna masu yawa haka, abin da zai fi zo masa da sauƙi shi ne ya cika zaure da ƙara. Varèse bai yi haka ba. Sau da yawa jiniyoyinsa ƙasa-ƙasa suke tafiya, kuma ya san amfanin da yake so su yi masa. Kusan duk sauran kayan ɗigo-ɗigo suke bayarwa, bugu ya faɗo ya mutu. Jiniya ce ke jan dogon zare mai lanƙwasa ta cikin ɗigon, ta ɗinke abin da zai iya watsewa. A cire ta, kiɗan ya zama tarin bugu masu kyau da ba su san juna ba.

Na biyu shi ne sanin kayan aiki. A cikin umarnin da ke gaban takardar kiɗan, Varèse bai tsaya ga cewa a samo jiniya kawai ba. Ya ambaci ta hannu ƙirar Sterling, mai birki da ake dannawa da babban yatsa. Duk wanda ya taɓa murza jiniya zai gane dalili nan take. Faifanta na da nauyi, ko an saki hannu zai ci gaba da juyawa, muryar na sauka a hankali har ta ga damar mutuwa. Masu sha'awar jiniya suna son wannan doguwar saukar ƙwarai, har sukan gwada ta wace ta fi ta wace daɗewa. Mai tsara kiɗa kuwa yana bukatar wani lokaci ya datse muryar daidai kan bugu, kuma birkin ne ke ba shi wannan iko. Mutumin da ya kula da abu ƙarami irin wannan ba wasa ya zo yi ba.

Na uku shi ne gini. Aikin ba shi da karin waƙar da mutum zai tafi gida yana rerawa, amma yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma kowane sashe daga na bayansa ya tsiro. Ajiye fiyano da ƙararrawa har zuwa ƙarshe dabara ce babba. Bayan minti biyar kunne na cikin sautukan da ba su da tsayayyar murya, shigowarsu na sa a ji an iso wani wuri, alhali ba a yi amfani da ko ɗaya daga cikin hanyoyin rufe kiɗa da Turawa suka saba da su ba.

Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma aikin yana da inda ya gaza. Varèse ya so a ji jiniya a matsayin murya mai lanƙwasa kawai, ba tare da an tuna da gobara ko hatsari ba. Wannan buri bai cika ba, kuma da wuya ya cika. Shekaru kaɗan bayan an fara kaɗa aikin, Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, mutanen Landan da Balin da sauran birane suka yi shekaru suna gudu zuwa ramukan ɓuya da jin wannan murya. Bayan yaƙin kuma Amurka ta cika biranenta da manyan jiniyoyi saboda tsoron makamin nukiliya, irin su Thunderbolt ta kamfanin Federal da ta fito a 1952, da ƙatuwar jiniyar Chrysler mai injin mota na silinda takwas, wadda ƙararta ke kai desibel 138 daga nisan ƙafa 100. Kunnen da ya gaji wannan tarihi ba zai iya jin jiniya fanko ba. Da ta taso a cikin kiɗan, zuciya kan tafi ga tsoro kafin ta dawo ga tsari. Wani zai ce wannan ƙarin ƙarfi ne ga aikin, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba shi ne abin da mai aikin ya nufa ba.

Gazawa ta biyu ta shafi bugun. Varèse ya ɗauko bongo da caki da ƙwarya daga kiɗan Kyuba, inda aikinsu shi ne su kafa tafiya guda su riƙe ta har jiki ya shiga. A hannunsa babu salon da ake bari ya zauna. Da ya fara kama kunne sai a karya shi a kawo wani. Da gangan ya yi, amma yana da tsada: mai saurare na farko yakan ɓace a tsakiya, kuma kayan Kyuban sun ba da launinsu ba tare da an bar su sun nuna abin da suka fi iyawa ba. Haka kuma a wuraren da bugu ya yi yawa, jiniyoyin hannu kan nutse, musamman a faifan garmaho, ta yadda zaren da ya kamata ya ɗinke kiɗan yakan ɓace daidai inda aka fi bukatarsa.

Akwai gyara na uku, amma wannan na masu yabonsa ne. An sha cewa “Ionisation” ne kiɗa na farko da aka tsara domin kayan bugawa zalla. Ko a cikin rubutaccen kiɗan zaure, Amadeo Roldán na Kyuba ya kammala “Rítmicas” na biyar da na shida a 1930, kuma kayan bugawa ne kaɗai a cikinsu. Makaɗan Afirka da Asiya kuwa sun yi ƙarnoni suna gina dogayen kiɗa da ganguna da ƙarafa zalla. Girman Varèse ba ya bukatar a danne haƙƙin wani. Yabon da aka gina a kan ƙari shi ma rashin adalci ne, ga wanda aka manta da kuma ga wanda aka yaba.

Waɗannan su ne irin maganganun da aikin ya cancanci a yi masa tun farko. Abin da ya fi samu ba shi ke nan ba. Lokacin da Leopold Stokowski ya jagoranci “Amériques”, wani babban aikin Varèse mai jiniya a ciki, a Filadelfiya a 1926, tafi da tsaki ne suka gauraye a zauren. An fara kaɗa “Ionisation” a Niyok ranar 6 ga Maris 1933, a ƙaramin zauren da ke ginin Carnegie, ƙarƙashin jagorancin Nicolas Slonimsky, wanda aka sadaukar wa aikin. Da Slonimsky ya kai shi dandalin Hollywood Bowl a wannan shekarar, masu faɗa a ji ba su ji daɗin irin kiɗan da yake kawowa ba, aka gajarta zamansa a can. Da aka zo ɗaukar aikin a faifan garmaho a 1934, kamar yadda Slonimsky ya ba da labari daga baya, makaɗan da aka fara kira sun kasa bugun, sai abokai masu tsara kiɗa irin su Henry Cowell da William Schuman suka karɓi kayan, Varèse da kansa ya tsaya kan jiniyoyi. Daga 1936 har zuwa farkon shekarun 1950 kusan bai kammala wani babban aiki ba. Dalilan suna da yawa, ciki har da rashin na'urorin lantarkin da yake mafarki da rashin masu tallafa masa, amma babu mai cewa shekarun da aka yi ana kiran aikinsa hayaniya sun ƙara masa ƙarfi.

Slonimsky bai manta ba. A 1953 ya fitar da littafi mai suna “Lexicon of Musical Invective”, inda ya tattara munanan kalaman da masu sharhi suka yi wa masu tsara kiɗa tun daga zamanin Beethoven. Wanda ya karanta shi zai lura da abu guda: yawancin masu sukar ba su faɗi inda aikin ya gaza ba, sun faɗi cewa bai yi kama da abin da suka saba ba. A ɗaya gefen kuma ga wani yaro a Kalifoniya, Frank Zappa, wanda ya nemi faifan “Ionisation” har ya samu, ya yi ta saurare, kuma da ya cika shekara 15 abin da ya roƙa a matsayin kyauta shi ne kuɗin buga waya gidan Varèse. Ya girma ya zama shahararren makaɗi, bai daina ambaton sunan dattijon ba har ƙarshen rayuwarsa.

Wannan labari ya shafi masu sha'awar jiniya kai tsaye, domin su ma masu ƙirƙira ne, kuma su ma sun san zafin a yi wa abin da kake so dariya. A ɗauki matashin da ya yanka faifai daga katako, ya huda tagogi shida, ya ɗaura shi kan ƙaramin injin lantarki, ya kunna a gaban waɗanda suka riga shi. Abin ya yi gurnani, ya yi rawa a kan tebur, muryar ba ta fita sosai ba. Wanda ya ce wannan ba jiniya ba ce bai koya masa komai ba, illa ya kore shi. Wanda ya ce ta yi kyau ya wuce, shi ma bai taimake shi ba, kuma ya bar shi cikin hatsari, domin faifan da nauyinsa bai daidaita ba yana iya tarwatsewa a kan gudu ya raunata mai shi. Mai adalci zai fara da abin da yaron ya samu: ya gane cewa yankan iska ne ke ba da murya, kuma tagoginsa sun yi daidai da juna. Sannan ya nuna masa cewa tazarar da ke tsakanin faifai da gida ta yi faɗi, iska na zurarewa, shi ya sa muryar ta raunana. Ya nuna masa yadda ake daidaita nauyin faifai, ya ce ya sa masa kariya, ya toshe kunnuwansa, kuma kada ya kunna ta inda maƙwabta za su ɗauka gargaɗin gaske ne. Duk waɗannan suka ne, wasu ma masu nauyi, amma yaron zai koma gida da abin yi.

Akwai kuma wani tarko da masu zurfin sani kan faɗa. Wanda ya haddace samfura da shekarun ƙira yakan auna kowane aiki da ma'auni guda, wato kama da na asali. A wajen gyaran tsohuwar jiniya wannan ma'auni daidai ne: idan mutum ya ce ya mayar da Thunderbolt yadda take, to a duba fenti da sassa a faɗa masa inda ya kauce. Amma idan ya ce tasa ya ƙirƙiro, da adadin tagogin da babu kamfanin da ya taɓa yi, to tambayar ta sauya. Sai a duba ko ya cim ma abin da ya nufa, kuma ko abin da ya nufa ya kai a yi. Da wancan ma'auni na farko aka auna Varèse, aka ce bai yi kama da Beethoven ba, alhali bai taɓa cewa Beethoven yake bi ba.

Hukuncina a kan “Ionisation” shi ne aiki ne babba mai gazawar da za a iya nunawa da yatsa, kuma gazawar ba ta rage masa daraja. Wanda zai saurare shi ya nemi ɗaukar da Pierre Boulez ya jagoranta, ko wadda ke cikin cikakken tarin ayyukan Varèse da Riccardo Chailly ya fitar a 1998, in kuma ya sami hoton bidiyo ya fi, domin ganin hannuwa 26 na aiki yana buɗe kunne. Kada ya yanke hukunci a jin farko. A na biyu ya bi gangar soja ita kaɗai, a na uku ya bi jiniyoyin, ya lura da inda suke shiga da inda ake datse su. Bayan haka yana da cikakken 'yanci ya ce aikin bai kwanta masa ba, kuma maganarsa za ta yi nauyi, domin zai iya faɗin wurin da dalilin. Wannan haƙƙi ne da Varèse ya daɗe bai samu ba, kuma duk mai ƙera wani abu da hannunsa, babba ko yaro, yana bin mu irinsa.